Inna, Matanki Ba Sa Cewa Da Zafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifiyarta, tare da fatan rahamar Ubangiji tana isa gare ki inda kike kwance, ni ce Rakiya autarki nake rubuto miki daga Daura. Mutanen gida kowa lafiya. Yaya Sani ya tayar da katangar nan ta bayan ɗakinki da damina ta kayar, jikokinki kuma suna ta girma suna cinye mana tuwo. Na san ko da kina raye ba karantawa za ki yi ba, sai dai in zauna a bakin tabarmarki in karanta miki kina katse ni. A shafina na intanet zan sa wannan wasiƙar, saboda haka ki yi haƙuri, akwai baƙi da ke leƙowa ta bayan kafaɗata.

Ƙara na kawo, Inna, kuma ke na kawo ƙara. Na gaji ne, shi ya sa.

Kin tuna da na gama makaranta kika riƙa gaya wa maƙwabta cewa Rakiya ta zama mai hoto a asibiti, har matar liman ta aiko in zo in ɗauke su ranar suna? To har yanzu dai mai hoton ce. Sai dai bayan rasuwarki an kawo mana wata na'ura ta hoton mama, wadda ake duba ƙirjin mata da ita, ko akwai ƙullutun da hannu bai kai ga ji ba, ko a ga yanayin wanda aka riga aka ji. Ni kaɗai ce mace a sashenmu, don haka ni ce a kanta. Ranar da ban zo ba, ba a yi. Ba macen da za ta cire riga a gaban Malam Iliya abokin aikina, ni ma ban ga laifinsu ba.

Yadda abin yake, mace za ta tsaya a tsaye, in ɗora mamanta a kan wani faranti, in taka wani abu da ƙafa irin na keken ɗinki, sai wani farantin ya sauko daga sama ya danne shi har ya baje. Dole ne a danne. In ba a danne ba naman yakan hau kan juna, abin da ake nema ya ɓuya a tsakani. Dannawar ba ta daɗewa, kafin mutum ya gama karanta Fatiha an saki. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, babu daɗi, ga wasu ma da zafi ƙwarai.

Duk dabarun rage zafin na haddace su, kullum ina maimaitawa har bakina ya bushe. Mai ganin al'ada ina ce mata kada ta zo gab da zuwanta, lokacin da ƙirji yake cike yana tsami, ta bari sai ta yi wanka da 'yan kwanaki. Ina ce musu su rage goro da shayi kafin ranar, don wasu sun ce mini ya taimake su. Wadda likita bai hana ta ba, ta sha farasitamol kafin ta baro gida. Su sa zani da riga, kada su zo da doguwar riga su tsaya mini tsirara suna rawar sanyi da kunya. Hoda da humra da man shafawa kuwa a bar su a gida, wannan ba don zafi ba ne, hoton suke ɓatawa. Farantin ma ina ɗumama shi da tafin hannuna kafin in kira mace.

Amma babbar dabarar, wadda sauran duk a bayanta suke, ita ce mace ta buɗe baki ta ce mini ya yi zafi. Da ta faɗa sai in ɗage ƙafata, in jira ta yi numfashi, jikinta ya saki, sannan in ƙara kaɗan. A haka a haka ake kaiwa inda ake so ba tare da an wahalar da kowa ba. In kuwa ta yi shiru, sai ta sandare, kafaɗa ta hau kunne, naman ƙirji ya yi tauri. Zafin ya ninku, ga shi a ƙarshe ta ja da baya ba ta sani ba, hoton ya lalace.

To nan ne kika ɓata mini aiki, Inna.

Ke ba irin ungozomar da ake kira bayan an haihu ta zo ta yanke cibi ba ce. Ke tun farkon naƙuda ake zuwa ɗaukarki, daga cikin Mai'adua har rugagen da ke bayan gari. Ina ƙarama, in haihuwar ta maƙwabta ce, mukan jiyo muryarki ta kan katanga muna wasa a tsakar gida. Maganarki ɗaya ce kullum: "Cije, 'yar nan, maza na zaure."

In kin dawo kuma kina wanke hannu a bakin rijiya, sai ki ce wance ta sauka, ko tarinta ba a ji ba. Yadda kike faɗa, kamar kin ba ta sarauta. Mu ma da muke saurare mun ɗauka, don ni kaina ranar haihuwar ɗana Abba leɓena na fasa da haƙori.

Yau ga su nan suna zuwa mini, matan da kika karɓi haihuwarsu da 'ya'yansu mata, daga Mai'adua, daga Kongolam, har da na tsallaken iyaka. In tambayi mace ko da zafi, ta ce ba komai. In sake tambaya, ta ce ba komai, alhali gumi yana bin wuyanta. Wallahi wani lokaci ji nake kamar in zauna a ƙasa in yi kukan da suka ƙi yi. Wadda ta sha wuya a haka ba ta dawowa, kuma ba ita kaɗai take tafiya ba, sai ta je ta gaya wa duk matan unguwarsu cewa injin nan matse mutum yake kamar ana matsar ƙuli.

Kin san Goggo Hansatu, matar marigayi Buba mai shanu, ta rugar gabas da gari, wadda take kawo miki man shanu a ƙaramar ƙwarya ranar kasuwa. Ta tsufa, Inna, kitsonta duk ya yi fari, amma tana nan a miƙe yadda kika san ta. Surukarta ce ta lura tana yawan kai hannu hammatarta ta hagu in ta zaci ba mai kallo. Da ƙyar suka lallaɓo ta Daura. Likita ya taɓa ya ji ƙullutu mai tauri can wajen hammatar, ya turo ta wurina.

Tana shigowa ta tsaya tana kallon goshina, ta ce naki ne sak. Na gaishe ta har ƙasa. Na yi mata bayanin komai, na goge man shanun da ta shafa, na roƙe ta don Allah in ta ji zafi ta faɗa. Ta gyaɗa kai tana taunar goronta.

Hoton maman dama ya tafi lafiya. Da muka zo na hagu, inda ciwon yake, ina takawa ina tambaya, tana cewa ba komai. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, na tsaya, na sake tambaya. Ta ce in yi aikina. Na zaga bayan gilashi na danna maɓallin ɗaukar hoto, a daidai lokacin ta ɗan ja baya. Ɗan motsi ne, amma ya isa. Hoton ya fito dishi-dishi, gefen hammatar kuma, wanda shi muke nema, ya zame bai shiga ba sam.

Na ce mata sai mun sake. Ta ce to, bari ta je ta yi azahar ta dawo. Na jira har aka kashe janareto, masu shara suka zo suna jan kujeru. Goggo Hansatu ba ta dawo ba.

Makonni suka yi ta wucewa. Ina kiran surukarta a waya, tana ce mini Goggo ta ce ta warke, wai tana shafa wani haɗi da aka kawo mata daga Kongolam. Duk macen da ta ɗaga labulen ɗakina sai in ɗago kai in ga ko ita ce. Ni na san irin wannan ƙullutun ba ya jiran mutum ya shirya. Baban Abba ya ce mini bin marasa lafiya gida ba ya cikin aikina, kuma gaskiya ya faɗa. Na ce masa wannan man shanunta na ci na girma. Ranar kasuwar Mai'adua da kansa ya tsayar mini da ɗan acaɓa.

Na same ta a layin masu kindirmo, gindin darbejiyar nan da kike tsayawa ku gaisa. Tana hango ni ta rufe fuska da gefen mayafi tana dariya, kamar yarinyar da aka kama ta gudu daga makaranta. Ta matsa mini a kan buhu, ta zuba mini kindirmo a ƙoƙo. Na lura da hannun dama kaɗai take ɗaga ƙwarya, na hagun yana manne da jikinta.

Na zazzage mata duk abin da na sani. Na ce za mu bi a hankali, na ce zan ɗumama farantin, na ce ta sha magani tun daga gida, na ce abu ɗaya nake roƙo, in ya yi zafi ta faɗa. Ta saurare ni har na gama, tana korar ƙuda daga bakin ƙwarya. Sannan ta ce:

"'Yar ungozoma, duk naƙudar 'ya'yana a hannun uwarki na yi ta, ba ta taɓa jin muryata ba. Yanzu da furfurata zan zo in yi wa 'yarta raki?"

Inna, raina ya ɓaci, kuma ba da ita ba, da ke. A tsakiyar kasuwa na ce mata shirun nan da kika koya musu shi zai kai su kabari ɗaya bayan ɗaya. Na ce ke kin tafi, ɗakina kuma ba zaure a ƙofarsa, wa take jin kunya? Har mai kindirmon da ke kusa ta juyo tana kallonmu.

Goggo ba ta yi fushi ba. Ta tambaye ni wa ya gaya mini cewa ba ki san lokacin da suke jin zafi ba. Ta ajiye ludayi, ta kama tsintsiyar hannuna, ta nuna mini. Ta ce da mace ta durƙusa, kafin komai sai ki miƙa mata hannunki na dama ki ce ta riƙe. In ciwo ya taso ta matse, in ya lafa ta sassauta. Ta ce daga riƙon nan kike gane inda naƙuda ta kai, kike sanin lokacin da za ki ce a huta da lokacin da za ki ce a yi nishi. Ta ce a haihuwarta ta ƙarshe, da kika ji riƙonta ya yi sanyi ba ƙarfi, ba ki tambayi kowa ba, kika leƙa zaure kika ce a nemo mota a tafi asibiti, kuma shi ya sa take raye. Ta ce, "Ba ta bar mu mu yi kuka ba, amma ba ta bar mu mu kaɗai da shi ba."

Awarwaron nan da na kawo miki daga Kano ne ya faɗo mini, wanda kika zuba a hannun hagu kaɗai kika rabar da sauran, na yi ta kumbure-kumbure ina cewa kin raina kyautata. Na tuna tsintsiyar hannunki ta dama da kullum take baƙi-baƙi, kina murza mata man kaɗanya bayan la'asar. Na taɓa tambayarki, kika ce aiki ne. Ni kuwa na ɗauka daka kike nufi.

Haba Inna. Ta kan katanga muke jin "cije", hannun kuwa ba a ganinsa ta kan katanga. Kika bar ni ina jin haushinki a kan rabin labari. Har yanzu ban yarda da shirun ba, kada ki zaci kin ci nasara a kaina. Mace ta faɗi inda yake mata ciwo ya fi, kuma zan ci gaba da gaya wa 'yan baya haka. Amma wannan tsohuwar ba zan canza ta a gindin darbejiya ba, ƙullutun kuma ba zai jira in canza ta ba.

Na ce mata to, in na ba ta hannuna za ta zo? Ta ce za ta zo, amma surukarta ta tsaya a waje. Shayi ta yarda ta bari. Goro kuwa sai da muka yi ciniki kamar ana sayar da saniya, muka tsaya a kan ɓari ɗaya a wuni, shi ma na san ba ta cika ba.

Ranar da ta zo ita na fara kira. Na kashe na'urar sanyaya ɗaki tun da safe, na ɗora gorar ruwan ɗumi a kan farantin. Na tambaye ta maganin, ta ce ta sha a mota. Na gyara ta da hannu biyu yadda ya kamata, na jawo gefen hammatar sosai ya hau, na sauko da farantin sama har ya taɓa fata. Daga nan na miƙa mata hannuna na hagu.

Na taka kaɗan, ta matse. Na ɗage ƙafa. Na ce ta fitar da numfashi a hankali kamar tana hura wuta a murhu, ta sauke kafaɗa. Na ji yatsunta suna saki ɗaya bayan ɗaya. Na sake takawa. Haka muka yi ta yi, ba wanda ya ce uffan sai ni da ke cewa ta hura. Matan da ke layi a waje suka fara gunaguni, Malam Iliya ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya ko injin ne ya tsaya. Na ce masa lafiya lau, ya ba mu lokaci.

Inna, hannun da ya shekara da shekaru yana tatsar shanu! Na ji ƙashina yana ƙara. Ban san yadda kika yi kika ɗauki wannan rayuwarki duka ba, har ki dawo gida ki tuƙa mana tuwo da hannun.

Da dannawar ta kai inda ake so, sai abin da na fi tsoro ya zo. Dole in bar ta in zaga bayan gilashi in danna maɓalli, don ba a tsayawa kusa in hasken zai fita. Na ce mata Goggo, sake ni, ki ɗauke numfashi, kada ki motsa, yanzu zan dawo. Ba ta sake ni nan take ba. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ban taɓa ganin haka a fuskarta ba. Sannan ta buɗe yatsunta. Na zaga, na danna, farantin ya ɗaga da kansa. Ko gezau ba ta yi ba. Muka juya ta gefe muka sake na biyu a haka, da hannun da komai.

Hoton ya fito tar. Tunda na fara aikin nan ban ɗauki mai kyau kamarsa ba, kuma ban taɓa ƙin jinin hoto kamarsa ba. Ga abin nan a zaune can wajen hammata, fari, gefensa ya yi 'yan saiwoyi. Ni ba likita ba ce, ba hurumina ba ne in faɗi sunansa, amma na ga irinsa da yawa har na san wanda ake tsoro. Na fito na taya ta sa riga ina murmushin da ba nawa ba.

Likita ya duba, ya kira su ita da surukarta. Ya ce sai an je Katsina an ciro ɗan nama da allura an gwada kafin a san ko mene ne. Ya ce yanzu dai an san inda yake da girmansa, kuma zuwan da aka yi yanzu ya fi a ce an ƙara jinkiri. Bai yi alkawarin komai ba. Goggo ta saurara kanta a ƙasa, ta yi godiya, ta tashi.

Na raka su bakin ƙofa. Surukar ta yi gaba neman mota. Goggo ta tsaya tana gyara mayafi da hannu ɗaya, ba ta kalle ni ba, ta tambaya a hankali:

"Can Katsinan, akwai mai ba da hannu?"

Ban san kowa a can ba, Inna. Ban san ko mace ce za ta yi mata ko namiji ba, ban san ko suna da lokacin jiran yatsun tsohuwa su saki ba. Na dai san in na ce ban sani ba, azahar za ta sake tafiya yi. Na ce mata akwai.

Na riga na nemi hutun ranar da za su je Katsina. Za a rufe ɗakin hoto, matan da suka taso daga nesa za su koma su sake dawowa, wasunsu ma ba za su dawo ba, na sani, kuma wannan ma yana cina. Hannuna na hagu har yanzu a kumbure yake, shatin yatsunta duk ya fito, da ƙyar nake ɗaura zani. Na daman zan ba ta a Katsina.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata miki shi. Duk matsar da hannunki ya sha a ɗakunan mutane, Allah Ya sa ki same ta a mizani. Allah Ya sa abin da za a gano a jikin Goggo Hansatu ya zo da sauƙi, in kuma mai nauyi ne Ya ba ta ikon ɗauka, Ya sa a dace da magani. Matan da ke ɓoye ciwo a ƙarƙashin mayafi, Allah Ya kawo su da wuri. Ni kuma Ya ƙara mini ƙarfi, don wallahi na gaji, kuma gobe akwai layi.

Taki har kullum,
autarki, Rakiya mai hoto,
Daura.